Fartanya da Addu'a: Magana Kan Filin Bayan Cocinmu

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi mini haƙuri. Mai sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi sujada, mun zauna taron kwamiti a cocinmu kan wani fili da ke bayan ginin. Ba wani babba ba ne, bai kai fuloti biyu ba. Shekara da shekaru ba komai a cikinsa sai ciyawa da awakin unguwa. Shawara biyu aka kawo. Wasu suka ce a shimfiɗa intalok, masu motoci su samu wurin ajiyewa. Zumuntar mata kuma suka ce a ba su wurin su yi lambu, saboda akwai gwauraye da 'yan gudun hijira a cikinmu da kuɗin cefanen miya ke gagara. Sai wani dattijo da nake ganin girmansa ƙwarai ya miƙe ya ce, "Ku ji ni, nan coci ne, ba ma'aikatar gona ba." Aka yi dariya, aka ɗage maganar sai zama na gaba.

Ni ban ce uffan ba, don ba a ja da babba a bainar jama'a. Amma maganar ta tsaya mini a rai har na kasa barci. Baba, idan rubutun nan ya iso gare ka, da ladabi nake magana. Abin da nake so in nuna shi ne, a tarihin ikilisiya fartanya ba baƙuwa ba ce a wurin ibada. Mu ne muka fitar da ita, kuma ba da daɗewa ba.

Kowa ya san halin da ake ciki. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, kasuwa ba ta koma yadda muka san ta ba. A watan Yunin 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a lokacin da kuɗin ba ya sayen buhun shinkafa guda. Mu ma'aikatan gwamnati mun san ranar da albashi ke shigowa, mun kuma san ranar da yake ƙarewa, kuma tsakaninsu ba nisa. Da uwargidan shugaban ƙasa ta fito da gasar kowane gida ya yi lambu, mutane suka yi ta zolaya, ni ma na taya. Har yanzu ina nan a kan bakana cewa alayyafo a bayan ɗaki ba ya ɗauke wa gwamnati nauyin da ke kanta. Sai dai maganar lambu ta girmi kowace gwamnati, kuma ga Kirista tana da wani tushe daban.

Duk wanda ya je makarantar Lahadi ya san labarin ɗan Adam a lambu ya fara. Abin da muke yawan tsallakewa shi ne, a sura ta biyu ta littafin Farawa an ba Adamu aikin noma lambun da kula da shi tun kafin ya yi zunubi. Wahala da ƙaya ne suka zo daga baya, aikin kansa yana nan tun farko. A dokokin Musa an hana manomi girbe gefen gonarsa ƙarƙaf, an ce ya bar wa matalauci da baƙo, abin da mu muke kira kala, kuma da kala Rut ta ciyar da surukarta. Yesu a lambun Getsamani ya yi addu'arsa mafi nauyi, a lambu aka binne shi, kuma Yohanna ya ce da Maryamu Magadaliya ta fara ganinsa bayan tashinsa, ta ɗauka mai lambun ne. Waɗannan mun sha jin su a wa'azi. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne yadda Kiristocin da suka gabace mu suka ɗauki maganar a aikace.

Mu fara da nan Afirka. A ƙasar Masar an yi wani bawan Allah mai suna Antoni, wanda ya rasu a shekarar 356 yana da shekara fiye da ɗari. Shi ake ɗauka uban sufayen Kirista, wato masu barin dukiya da aure su keɓe kansu don ibada, waɗanda Larabawa ke kira ruhubanawa. Atanasiyus, bishop na Iskandariya, shi ya rubuta tarihin rayuwarsa. Ya ce da jama'a suka dami Antoni da ziyara, sai ya ƙara nutsawa cikin hamada, ya zauna a gindin wani dutse ta wajen Bahar Maliya inda akwai idon ruwa da 'yan itatuwan dabino. 'Yan'uwa suka riƙa yin tafiyar kwanaki suna kai masa gurasa. Abin ya dame shi. Ya ga ibadarsa ta zama wa wasu wahala. Sai ya roƙi a kawo masa fartanya da gatari da ɗan hatsi, ya gyara wani ɗan fili, ya shuka, ya riƙa samun gurasarsa daga guminsa. Da ya ga baƙi ba su daina zuwa ba, sai ya ƙara da 'yan ganyaye, domin wanda ya sha doguwar hanya ya samu abin sa wa a baki. Har an ce namun daji suka riƙa yi masa ɓarna in sun zo shan ruwa, ya kama ɗaya a hankali ya yi masa faɗa kamar yadda ake yi wa yaro, daga nan suka daina.

Ko mutum ya yarda da labarin namun dajin ko bai yarda ba, dalilan Antoni biyu su ne abin lura. Na farko, kada ya zama wa kowa kaya. Na biyu, baƙo ya samu abinci. Mutumin da ya bar duniya don ya yi addu'a bai ga fartanya a matsayin abin da zai raba shi da Allah ba. Ya ga cewa mai ibadar da ke zaune yana jiran a kawo masa, akwai gyara a ibadarsa. Dubban sufaye da suka bi sawunsa a Masar haka suka rayu, wasu na saƙar tabarma da kwando, wasu na noma a bakin kogin Nilu, bakinsu na karanta Zabura hannunsu na aiki.

Wanda ya mayar da wannan ya zama tsari a rubuce shi ne Benedik, mutumin Italiya, wanda ya kafa gidan sufaye a Monte Kasino wajen shekarar 529. Ya rubuta musu ƙa'ida mai babi 73, wadda har yau ake bi a gidajen sufaye a duniya, har da nan Najeriya, irin wanda ke Ewu a jihar Edo. Abubuwa uku suka ba ni sha'awa a cikinta. A babi na 66 ya ce a gina gidan yadda ruwa da wurin niƙa da lambu duk za su kasance a cikin harabar. Wato shi a wajensa gidan ibada marar lambu bai kammala ba. A babi na 48 ya raba yini tsakanin addu'a da karatu da aikin hannu, kowanne da sa'o'insa, saboda ya ɗauki zaman banza abin da ke kashe ruhi. Ya ma ce idan talauci ya sa dole sufaye su fita girbi da kansu, kada su ɓata rai, domin lokacin ne suka zama sufaye na ainihi. Ka ga ke nan tun a wancan zamani akwai masu ganin sun fi ƙarfin sunkuyawa. Na uku kuma, a babi na 31, ya umarci mai kula da kayan gida ya riƙe kayan aiki da daraja irin wadda ake ba kwanonin bagade. Ku dubi wannan da kyau. Garma da lauje a sahu ɗaya da ƙoƙon jibin Ubangiji. Mu kuwa yau fartanyar coci, in ma akwai, tana can bayan banɗaki tsatsa na cinta.

Akwai wani zanen gini da aka yi a kan fata wajen shekarar 820 zuwa 830, yana ajiye har yau a ɗakin karatu na Sant Galen a ƙasar Siwizalan. Zane ne na yadda cikakken gidan sufaye ya kamata ya kasance. Ba a taɓa gina shi daidai yadda aka zana ba, amma ya nuna yadda mutanen ke tunani. Bayan coci da makaranta da masaukin baƙi, an zana lambun kayan miya mai fangali 18, kowanne an rubuta abin da za a shuka a ciki: albasa, tafarnuwa, kabeji, latas da sauransu. Kusa da ɗakin marasa lafiya an zana wani lambun na magunguna mai fangali 16. Maƙabarta kuma an haɗa ta da gonar 'ya'yan itatuwa, ana binne 'yan'uwa a tsakanin itatuwan tuffa da makamantansu, mai rai yana cin 'ya'yan yana tuna inda shi ma zai kwanta. Daga irin waɗannan lambuna ne Turai ta adana iri da sanin magani na ɗaruruwan shekaru. Ko ilimin gadon halitta da yaranmu ke karantawa a sakandare, a lambun gidan sufaye ya tsiro. Gregor Mendel limami ne a wani gida a Brno, ƙasar Cek ta yau, ya shafe daga 1856 zuwa 1863 yana shuka waken Turawa kusan 28,000 yana ƙirga abin da ya fito.

To amma kada in zana muku tarihi kamar ba shi da tabo. Yana da shi, kuma darasin da ke cikin tabon ya fi shafarmu. Da gidajen sufaye suka yi suna, sarakuna da attajirai suka riƙa ba su filaye kyauta don a yi musu addu'a. Filaye suka yi yawa, sufaye suka koma cikin coci suna tsawaita waƙe-waƙe, talakawa suka zama su ke noma suna biyan galla. A shekarar 1098 wasu suka ce a'a, an kauce hanya. Suka fita suka kafa sabon gida a Sito, cikin wani daji mai fadama a Faransa, da niyyar komawa cin guminsu. Suka sare daji, suka janye ruwan fadamu, suka yi fice a noma. Sai dai su ma suka raba kansu gida biyu: masu karatu suna cikin coci, 'yan'uwa marasa karatu suna gona. Kafin a daɗe gidajensu na Ingila sun zama manyan dillalan ulun tumaki, masu kuɗi sosai, kuma a wurare da dama 'yan'uwan gonar suka yi bore saboda wulaƙanci. Da Sarki Henry na Takwas ya tashi rufe gidajen sufaye a Ingila daga 1536 zuwa 1540, dukiyar nan ce ta ja hankalinsa. Abin da na fahimta shi ne, duk lokacin da masu addu'a suka miƙa wa wani fartanya suka riƙe littafi kawai, ikilisiya takan yi kuɗi, amma takan rabu gida biyu, masu tsabta da masu datti.

Yaya maganar ta iso ƙasarmu? Ta kogi ta shigo. Wani Bature ɗan majalisar Ingila mai yaƙi da cinikin bayi, Thomas Fowell Buxton, ya yi ta jan hankali cewa jiragen yaƙi kaɗai ba za su hana sayar da mutane ba, sai an samar wa Afirka wata hanyar arziki daga ƙasarta. Daga nan aka samu taken Littafi Mai Tsarki da garma. A 1841 aka turo jirage uku suka hau kogin Kwara, aka karɓi fili daga Attan Igala a inda Kwara da Binuwai suka haɗu, wajen Lakwaja, don a kafa gonar gwaji. A cikin tafiyar akwai Samuel Ajayi Crowther, wanda ya zama bishop a 1864, da wani ɗan mishan mai suna Schön, wanda daga baya ya wallafa littattafai kan harshen Hausa. Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, gonar kuma aka watsar da ita ba da jimawa ba. Ni a ganina ba zazzaɓi kaɗai ya kashe ta ba. Gona ce da aka tsara a Landan, da nufin samar da auduga da kayan fitarwa waje, a tsakiyar mutanen da suka gaji noma kaka da kakanni, ba wanda ya tambaye su. Tarihi ya kuma nuna cewa bayan garmar, tuta ta biyo.

Wanda ya fi kama ƙasa shi ne abin da aka yi a Filato bayan fiye da shekara ɗari. Mishan ɗin SUM ya fara aiki a Wase a 1904, ya buɗe makarantar Gindiri a 1934. A ƙarshen shekarun 1950 wani malamin gona na mishan ɗin, Peter Batchelor, ya fara wani shiri tare da ikilisiyar da yau ake kira COCIN, aka sa masa suna Faith and Farm, wato bangaskiya da gona. Bambancinsa da na Lakwaja shi ne, manoman ƙauye ake koya wa, a gonakinsu, kan abincin da su za su ci, irin su noma da shanu da kiwon kaji, su kuma su koya wa maƙwabtansu. Da yawa daga cikin masu bisharar da suka buɗe ƙananan majami'u a ƙauyukanmu ba su da albashin kirki. Da safe suna gona, da yamma suna koyar da karatu. Kakana ɗaya ne daga cikin irinsu. Ba na manta tafin hannunsa, kamar bayan itace. In ya ɗora maka hannu zai yi addu'a, sai ka ji kaushin a goshinka. Ban taɓa jin wani ya ce wannan kaushin ya rage wa addu'arsa ƙarfi ba.

Mu jikokinsu muka yi boko, muka shigo gari, muka sa kwat. Noma ya zama abin da ake tsorata yaro da shi in ya faɗi jarrabawa. Ku dubi bikin godiyar girbi da muke yi kowace shekara. Yadda ake yin sa a coci yanzu, wani limamin Anglika mai suna Robert Hawker ya fara shi a 1843 a wani ƙauye a Kwanwal, ƙasar Ingila, ya dace kuma da al'adar nunan fari da ke cikin Tsohon Alkawari da wadda kakanninmu ma suke da ita. Ma'anarsa mutum ya kawo daga abin da ya shuka. Bara ni da kaina ranar Asabar na je kasuwa na sayi doya biyar da kwandon lemo, ranar Lahadi na ɗauka na yi rawa da su zuwa gaban bagade. 'Yata ƙarama ta ce, "Baba, a wace gonar muka girbe?" Wallahi na rasa amsa.

Wannan tambayar ce ta sa bana na jera buhunan siminti goma sha biyu a bayan ɗaki, na cika su da ƙasa da takin kaji, na shuka tumatir da attarugu da alayyafo da kuɓewa. Kada in yi muku ƙarya, bai rage mini kuɗin cefane da wani abin a zo a gani ba. Tumatir ɗin farko tsutsa ta cinye, kuɓewa akuyar maƙwabta ta yi mata aski. Amma na koyi abin da shekara ashirin na zaman benci ba su koya mini ba. Iri ba ya karɓar cin hanci, ba ya kuma sanin matakin albashinka. Ka shuka, ka ba da ruwa, ka jira. Ni da na saba in sa hannu a takarda a ce an gama, sai ga ni tsugune da asuba ina duba ko wani abu ya fito, ina sane cewa iyakata ke nan, sauran ba a hannuna yake ba. Addu'ar neman abincin yini da nake maimaitawa tun ina yaro, sai yanzu na ji nauyinta. Ranar da alayyafo ya yi yawa har na aika wa maƙwabcina Musulmi, ya zo godiya yake gaya mini cewa su ma a wajensu duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukarka, sadaka ce aka rubuta maka. Muka yi dariya muka ce ashe akuyar nan lada ta kawo mini.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya. Matsalar abinci a Najeriya ba ta rashin lambun bayan gida ba ce. Manoma a Filato da Binuwai da kudancin Kaduna da Zamfara da Katsina da Borno ba sa iya zuwa gonakinsu saboda tsoron bindiga. Wasu daga cikin matan da ke neman filin cocinmu, da gonakinsu suka baro, manya-manya, da rumbuna cike. Ba su ne za a koya wa noma ba, mu ne za mu koya a wurinsu. Wannan hakki ne a wuyan hukuma, kuma ba za mu daina faɗa ba. Amma kafin tsaro ya dawo, mace tana zaune a ɗakin haya, hannun da ya saba aiki yana kan cinya, tana jiran a raba mudun shinkafa bayan sujada a ɗauke ta hoto. Fangali biyu ba za su mayar mata da gonarta ba, amma za su ba ta abin da za ta tashi ta yi da safe, da abin da ita ma za ta ba wani. Abin da Antoni ya nema ke nan a hamada.

Don haka ga abin da zan faɗa a zama na gaba, in an ba ni dama. A ba mata filin. Amma kada mu maimaita kuskuren mutanen Sito, mu ce gwauraye su yi noma mu masu motoci mu tsaya daga nesa muna sa albarka. Kowane rukuni ya samu ranarsa: matasa, mawaƙa, dattawa, har da fasto. A sayi kayan aiki masu kyau, a ajiye su a wuri mai daraja, a rubuta wanda ya ɗauka. A bar gefe guda na kala, duk mai bukata a unguwa ya tsinka ba sai an tambaye shi addininsa ba. Motoci kuwa, shekara nawa muna ajiye su a bakin titi ba abin da ya same su.

Baba ya ce coci ba ma'aikatar gona ba ce. Gaskiya ne, ni ma a ma'aikata nake aiki, na san bambancin. A ma'aikata fayil ake turawa daga tebur zuwa tebur. Abin da matan nan ke roƙo shi ne a bar su su sunkuya a ƙasar Allah, a harabar gidansa, kamar yadda masu bi suka yi tun daga Masar har Gindiri.

Ku da kuke da fili a bayan cocinku ko masallacinku ko makarantarku, ku leƙa ku ga me ke cikinsa kafin ruwa ya sauka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da manomanmu gonakinsu lafiya.